Alkamar da Ta Raine Mu

Likitar ta juyo da fuskar kwamfutarta wajena, ta nuna mini wani hoto mai ruwan hoda wanda ban gane kansa ba, ta ce wai cikin hanjina ke nan.

"Kin ga nan? A hanjin mai lafiya akwai wasu 'yan tsinkaye ƙanana masu tsotse amfanin abinci. Naki sun kwanta, sun shafe kamar tsohon tawul. Shi ya sa jininki ya ƙi cika duk maganin ƙarin jinin da kika sha."

Shekara biyu ke nan ina fama. Ciki ya kumbura kamar na mai wata biyar, baki ya yi ta fitar da gyambo, gwiwoyi da wuyan hannu su yi ta zogi. A shagon tabarau nake aiki, ni ce mai ɗaura gilashi a kan firem, kuma kusoshin aikin ba su fi ƙwayar yashi girma da yawa ba. Da can ido rufe nake ɗaura su. Daga baya sai kusa ta suɓuce mini sau uku, sau huɗu, in durƙusa ina lalube a ƙarƙashin tebur, mai tabarau yana tsaye yana duba agogo.

"Sunan ciwon siliyak," in ji likitar. "Jikinki ne ke faɗa da wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, ana ce masa gulutin, kuma a garin faɗan hanjinki ne ke jin jiki. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Maganinsa ɗaya ne, ki rabu da alkama har abada. Burodi, taliya, biskit, kek, duk abin da fulawa ta taɓa."

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba.

"Likita, ni fa a gidan burodi aka haife ni."

Ba ta yi dariyar ba. Ta ce ciwon yana bin jini, don haka ya kamata a gwada iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa ciki ɗaya. Na ce iyayenmu sun rasu, sai 'yata guda, sai kuma yayata.

"Yayar taki lafiyarta ƙalau?"

Na ce mata a'a.

"Shekara goma sha huɗu tana ciwon jiki. Ko'ina. An yi hoto, an ɗebi jini, ba a ga komai ba. Daga ƙarshe aka ce faibromayaljiya ne."

Ta ajiye biro. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin komai ba, don faibromayaljiya ciwo ne na gaske mai zaman kansa, kuma yawancin masu shi ba su da siliyak. Amma alamomin suna kama da juna: gajiya, ciwon gaɓoɓi, ɓacin ciki, kai ya yi ta yin dum kamar an cusa masa auduga. Akwai waɗanda ake ɗora wa sunan ɗaya alhali ɗayan na ɓoye a ƙasa, akwai kuma masu ɗauke da duka biyun.

"Tunda ke kina da shi, ita kam lallai a gwada ta. Ki kira ta yau."

Na ce to. Ban gaya mata cewa shekara shida ke nan rabon da in ji muryar Yaya ba.

Yaya ta girme ni da shekara tara. Ban san mahaifiyarmu sosai ba, kuma ina 'yar shekara goma sha ɗaya Baba ya bi ta. Ya bar mana gidan burodi mai ƙofa shuɗiya, da injin kwaɓi mai yawan tari, da wani dattijo da ya yi aiki da shi tun kafin a haife mu, wanda kowa ke kira Mai Tanderu. Yaya ta ajiye karatunta ta ɗaura gyale a ƙugu. Ita ke auna fulawa, ita ke murza kwaɓi in injin ya ƙi, ita ke jera gwangwanaye. Da safe takan yanko mini gefen burodin farko, mai ɓawon nan da ya ɗan ƙone, ta shafa masa man shanu ta tura mini a jakar makaranta. In na yi kuka takan share mini hawaye da bayan hannu, don tafin duk fulawa ne. Auta take ce mini, har na yi aure ban ji ta kira ni da wani suna ba.

Ta yi aure tana da ashirin da bakwai. Ciki uku ta yi, duk suka zube. Bayan na ukun ciwon ya sauka. Ya fara daga kafaɗu, ya bi baya, ya gangara har tafin ƙafa. Ta kwana ta tashi kamar wadda aka yi wa duka. Wata rana ta yi aiki kamar ba ita ba, kashegari ko kofi ta kasa ɗagawa. Wannan ne ya sa mutane suka fara magana. Aka ce raki ne, aka ce son jiki ne, aka ce damuwar rashin haihuwa ce. Mijin ya yi haƙurin shekara uku, sannan ya ce shi ya gaji da jinyar ciwon da ko likita bai gani ba. Ta dawo ɗakin da ke bayan gidan burodin.

Ni ban taɓa faɗa da baki ba, amma a raina ina tare da masu maganar. Ina ganin da ta dage da ta tashi.

Da na zo haihuwa sai da aka yi mini tiyata. Yaya ta yi alkawarin za ta zo ta zauna da ni, garuruwanmu kuwa tafiyar awa huɗu ce a bas. Ran da za ta taso ta kira ni a waya, murya can ƙasa, ta ce jikin ya ƙi. Ina kwance da ɗinki a ciki, jaririya na tsala kuka, matar gadon kusa da ni kuwa 'yan'uwanta sun kewaye ta da kwanuka. Na ce:

"Ai ciwon naki ya san ranar da yake tashi, Yaya. Kullum sai ran da ake bukatarki."

Sai ta ce, "To, Auta. Allah ya raya." Ta kashe.

Magana zarar bunu ce. Na jira ta kira, ita ma wataƙila ta jira ni. Wata ya zama shekara. Sai dai saƙon gaisuwa ta bakin Mai Tanderu, wanda yakan kira maigidana lokaci-lokaci ya ce kowa lafiya. 'Yata ta girma ta yi baki har muka laƙaba mata Aku saboda surutu, ba ta san fuskar yayar uwarta ba sai a hoto.

Ban kira Yaya a ranar da likita ta ce ba, ban kira a wannan watan ba. Aka gwada Aku, aka ce ita ba ta da shi. Na ware tukunyata da cokalina da wuƙata, na koyi karanta bayan kowane gwangwani kafin in saya. Shinkafa, dankali, masara, wake, ƙwai. Ba yunwa nake ji ba, amma akwai gidan burodi a kan hanyata ta zuwa aiki, kuma kullum da safe in na zo daidai wurin sai ƙafata ta rage sauri. Ba irin ƙamshin namu ba ne, nasu sukari ya yi yawa, amma ya isa ya mayar da ni kan buhunan fulawa ina kaɗa ƙafa, Yaya na waƙa ƙasa-ƙasa tana yanka kwaɓi. Har na rasa gane burodin nake kewa ko ita.

A wata na uku na lura kusoshi sun daina faɗuwa. Na hau benen shagonmu ban tsaya a tsakiya ba. Da yamma na gaya wa maigidana, ina murna, sai ya dube ni ya ce:

"Ke ciwon shekara biyu kika yi, kuma ba wanda ya ce miki ƙarya kike. Ita fa?"

"In na kira me zan ce mata?"

"Kada ki kira. Zumunci a ƙafa yake."

Ranar hutun ƙarshen mako na kama hannun Aku muka hau bas.

Layin bai canza sosai ba. Tela na nan da kekensa a bakin ƙofa, shagon gyaran rediyo ya koma na gyaran waya, shuɗin ƙofarmu ya koɗe ya koma kamar toka. Tun daga kwana ƙamshin ya tare ni, namu na gaske, mai ɗan gishiri-gishiri, har sai da na tsaya na dafa bango. Mai Tanderu ne ya fara ganinmu. Ya ajiye dogon shebur ɗin da yake zaro gwangwanayen burodi da shi, ya goge hannu a riga.

"Ikon Allah! Yau wace rana? Auta, ashe kin san hanya?"

"Kawu, ina yini?"

"Yini ya yi kyau tunda kin zo. Wannan ce jikar tawa? Zo nan, amarya. Ke kuma Auta shiga, tana ciki."

Tana zaune a ɗakin baya a kan kujera mai hannu, matashi ɗaya a baya, ɗaya a ƙarƙashin kowace gwiwar hannu. Tebur na gabanta da burodin da ya huce, tana sa shi a leda ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Furfura ta fito mata a gaban goshi, ko kuwa fulawa ce, ban tantance ba. A gefenta akwai kofin shayi da rabin burodi.

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi mamaki ba, ba ta yi murmushi ba.

"Auta."

"Yaya."

Aku kuwa ba ta san wata shekara shida ba. Ta ruga ta faɗa jikinta ta ƙanƙame ta. Na ga Yaya ta runtse ido ta cije leɓe, amma ba ta ture ta ba, sai ma ta ɗora haɓarta a kan yarinyar ta daɗe a haka.

"Ke ce ta cikin hoton," in ji Aku. "Amma a hoton kin fi ƙiba."

"A hoton ban san ki ba, shi ya sa. Tunaninki ne ya ramar da ni."

Ta miƙa hannu ta zaɓo burodi mai ɗumi, ta ɓalle gefen ta ba Aku, ta ɓalle ɗaya gefen ta miƙo mini. Na kalli hannun nata a miƙe. Yawu ya cika mini baki.

"Ba zan iya ci ba, Yaya."

Ta janye hannun a hankali. "Har burodin Baba kin fi ƙarfinsa yanzu?"

Na tura Aku wajen Mai Tanderu ta ga yadda ake gashi, na jawo wani buhun da babu komai a ciki na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na ba ta labari tun daga kusoshin tabarau har zuwa hoton hanji. Na faɗa mata abin da likita ta ce game da ciwonta, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta saurara tana murza bakin leda.

"Me kike ci kullum?" na tambaye ta.

"Abin da kika gani. Shayi da burodi. In na samu ƙarfi in dafa taliya, ita ce mai sauri. Tsayuwa a gaban wuta ba ta yiwuwa."

"Safe da rana da yamma?"

"Auta, shekara goma sha huɗu kowa ya shigo ɗakin nan da maganinsa yake shigowa. Wannan ya ce in daina shan sanyi, wancan ya ce in yi ta tafiya, wata ta ce in sake aure zai wuce. Na sha ɗaci, na sha ƙwaya har cikina ya gaji. Yanzu ke ma kin zo da naki. Abincin da ya raine mu, shi ne zai zama dafi?" Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Sai da ciwo ya taɓa ki kika yarda akwai shi."

Gaskiya ta faɗa. Na kifa goshina a gwiwarta, na tuna gwiwar ma ciwo take, na ɗago da sauri.

"Ki yafe mini, Yaya. Abin da na faɗa ran nan..."

"Kin san ran nan na yi wanka na shirya?" Ta nuna bakin ƙofa da haɓa. "Jakata na nan. Na saya wa jaririya 'yan riguna guda uku da hula. Na sa takalmi ɗaya, na sunkuya zan sa ɗayan, bayana ya riƙe. Na yi awa biyu a zaune a ƙasa da takalmi ɗaya a ƙafa, ina cewa yanzu zai sake ni. Bas ɗin safe ya tafi, na rana ya tafi. Sannan na kira ki."

Na yi kuka sosai. Ta bar ni na yi, sannan ta ce in tashi kada yarinya ta shigo ta gan ni.

"Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na daɗe da yafewa, kiran ne dai ya yi mini nauyi. Gwajin kuma zan yi, don kada ki ce na ƙi. Amma kada ki sa rai, ni na daina."

Mai Tanderu ya ce ta bi ni garinmu a yi gwajin, shi da ma'aikata biyu sun isa. Muka ɗauki kujerar gaba a bas, muka jera mata matasai. Ta taho da burodi shida a jaka, domin likita ta ja mini kunne tun farko cewa kada ta daina cin alkama kafin gwaji, in ta daina jinin ba zai nuna gaskiya ba.

Makonni ukun da muka yi kafin a kammala gwajin sun fi mini kowane wuya. Kullum da safe ina zuba mata shayi a teburina, ina kallonta tana yanka burodi da wuƙarta daban, a farantinta daban, tana ci. Ni na san abin da nake zargi yana yi mata, ga shi kuma ni ce ke miƙa mata. Ita kuwa tana ci a natse, tana tauna kowace loma kamar mai ban kwana. Da namu ya ƙare aka sayo na unguwa, ta gutsura ta yamutsa fuska.

"Wannan ai soso ne aka gasa. Wa ya koya musu aiki?"

Jini ya nuna alama. Aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki, aka ɗebo ɗan abin da za a duba. Ran da sakamako ya fito muka zauna mu biyu a gaban likitar, ta juyo da kwamfutar kamar yadda ta yi mini. Hanjin Yaya ya fi nawa shafewa. Likitar ta ce da alama ya daɗe ƙwarai.

"Wato ba faibro ɗin ba ne?" na tambaya, har na matso bakin kujera.

"Ban ce ba. Mai yiwuwa duka biyun ne. Mu cire alkama mu gyara jini, mu ga abin da zai tafi da abin da zai rage. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan. Lokaci ne zai nuna."

Yaya kuwa ba ta ɗauke ido daga kwamfutar ba. Tana kallon hoton. Can ta gyara zama ta ce:

"Likita, na yi ɓari sau uku. Shi ne?"

Likitar ta juyo gare ta. "Siliyak da ba a gano ba yana iya ƙara haɗarin ɓari. Amma ɓari yana da dalilai da yawa. In na ce miki shi ne, na faɗi abin da ban sani ba. In na ce ba shi ba ne, haka nan."

"Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba."

A barandar asibitin ta ce mu ɗan zauna. Mutane na wucewa da katunansu, wata mata na lallashin ɗanta ya sha magani. Yaya ta bi su da kallo.

"Na farkon da yanzu yana da goma sha shida," ta ce. "Da ya fi ni tsawo. Kullum ina ganin namiji ne, ban san dalili ba."

Na kama hannunta a hankali, ta yatsu, inda ba ya mata zafi sosai.

"Burodi kawai, Auta. Da wani ya ce mini in ajiye burodi kawai."

"Ba mu sani ba ko shi ne, Yaya."

"Na ji. Rashin sanin ne zan yi ta ɗauka yanzu."

Ta zauna wurinmu wata huɗu. Cikinta ne ya fara lafawa. Sannan wata safiya ta ce kanta ya washe, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe, har ta zauna ta taya Aku aikin lissafi tana yi mata tsiya. Kumatunta suka ɗan ciko. Ciwon jikin kuwa bai tafi ba. Ya ragu, ya daina kwantar da ita kwana uku a jere, amma kafaɗu da baya suna nan da halinsu, musamman in ta gaji ko gari ya yi sanyi. Likita ta ce to, wannan shi ne faibromayaljiyar, za a ci gaba da lallaɓa ta da motsa jiki kaɗan-kaɗan da barci mai kyau da magani. Na ji haushi, don na so a ce na kawo mata waraka ɗungurungum. Ita ce ma ta ba ni baki.

"Wanda ya ɗauki buhu biyu aka sauke masa ɗaya, ai ba ya raina sauƙi."

Mun gwada yin burodi da garin shinkafa da na masara. Na farko ya fito kamar bulo, maigidana ya ce a ajiye masa zai tokare ƙofa da shi. Na biyu ya ruguje tun a gwangwani. Yaya ta yi ta canza awo, ta ƙara ƙwai, ta rage ruwa, har aka samu wanda ake iya yankawa. Ta ɗanɗana ta ce ba laifi, amma kada a kira shi burodi a gabanta.

Na so ta zauna da mu gaba ɗaya. Na gyara mata ɗaki, Aku ta yi kuka, maigidana ya sa baki. Ta ce a'a.

"Shekara ashirin da huɗu ina jin tarin injin nan da safe. A nan in na farka shiru ya yi mini yawa."

"Amma likita ta ce ƙurar fulawa ma kina haɗiye ta."

"Ba zan shiga ciki ba. Matar tela tana da ɗaki a tsallaken titi, na yi magana da ita."

Haka aka yi. Mai Tanderu ya karɓi ragamar aiki, ita kuma ta koma tsallake.

Na je ganinta bayan wata biyar, ni kaɗai, a bas ɗin safe. Na same ta a barandar tela a kan kujerarta mai hannu, matashi ɗaya kawai a baya, tana fuskantar shuɗiyar ƙofar. Ta dafa shinkafa da wake da kanta, ta ajiye mini nawa a rufe. Muna cikin ci Mai Tanderu ya tsallako titi da burodi guda a kan tsumma mai tsabta, ya tsaya a gabanta kamar ɗalibi ya kawo allo. Ba ta taɓa ba. Ta ce ya ƙwanƙwasa ƙasansa, ya ƙwanƙwasa, ta saurara. Ta ce ya ɓalle shi, ya ɓalle, tururi ya tashi. Ta matso da fuskarta kaɗan, ta rufe ido ta ja numfashi, ta daɗe ba ta sake shi ba.

"Yis ya yi yawa, Kawu. Kuma kun yi saurin fitar da shi."

"Yarinyar nan, tun ba a haife ki ba nake gashi."

"Shi ya sa hancinka ya tsufa."

Ya koma yana ƙunƙuni yana dariya. Ta bi burodin da ido har ya shige ƙofa, sannan ta jawo farantinta ta ci gaba da cin shinkafa.

"Kullum haka kuke yi?"

"Kullum. Wani lokaci ba abin da ya same shi, ina dai so ya daɗe a tsaye."

Da la'asar na tashi tafiya. Ta ce za ta raka ni tasha, na ce ta zauna, ta ce ba ni ke ba ta umarni ba. Ta sa takalmi ta ɗauki gyale. Muka bi layin a hankali, muka wuce mai gyaran waya, muka wuce kantin magani, tana gaisawa da mutanen da suka daɗe ba su gan ta a tsaye a titi ba. Wata tsohuwa ta riƙe baki ta ce, "A'a, yau mai burodi ce da ƙafarta?" Daidai kwanar da ake hango tasha numfashinta ya fara nauyi. Akwai wani benci a gaban shagon aski, ta zauna.

"Nan ƙarfina ya kawo ni yau. Wancan watan iyakata kantin magani."

"In mayar da ke gida tukuna?"

"Ki rasa bas? Je ki. Daga nan ina ganinki. In kin sake zuwa ki taho mini da Aku, kuma ki duba mini tabarau a shagon naku, rubutun gwangwani ya fara yi mini ƙanana."

Na samu kujera ta taga. Bas ɗin bai cika da wuri ba, ya yi kusan rabin awa a tsaye, kuma duk tsawon lokacin tana nan a kan bencin, gyalenta a kafaɗa, hannayenta a cinya. Da direba ya tayar da mota na ɗaga mata hannu. Ta ɗaga nata har saman kai, ta riƙe shi a can, har muka sha kwana.